Yadda Ɗalibi Zai Bi da Abinci da Al'ada a Makonnin Farko na Aikin Sa Kai a Ƙasar Waje

Ɗalibin da zai tafi aikin sa kai a wata ƙasa yakan ɓata lokacinsa wajen shirya fasfo da biza da takardun makaranta, amma abin da yake fara cin karo da shi idan ya sauka shi ne kwanon abinci. A gaban kwanon nan masu masauki suke fara auna shi, shi ma kuma a nan yake fara yanke musu hukunci, galibi cikin gaggawa. Masanin halayyar al'umma Kalervo Oberg, a wata maƙala da ya wallafa a 1960, ya bayyana cewa baƙo yakan fara da ɗoki, komai yana burge shi, daga baya sai ƙunci ya biyo, komai ya riƙa ba shi haushi, kafin ya saba. Saboda haka abin da ka ji a makon farko, daɗi ne ko ƙyama, kada ka ɗauke shi a matsayin gaskiyar ƙasar.

Tun kafin tafiya ka zauna ka raba abubuwa gida biyu: abin da addininka ko lafiyarka suka hana ka ci, da abin da ba ka saba da shi ba kawai. Na farkon ka rubuta shi a ɗan kati cikin harshen ƙasar, ka kuma sanar da ƙungiyar da ta tura ka domin ta gaya wa gidan da za ka sauka, tunda ya fi sauƙi uwar gida ta sani kafin ta ɗora tukunya da a ce ka ture abincin bayan ta sha wahalar girki. Ka koyi tambaya game da abin da ido ba ya gani, domin a Japan ana zuba mirin, wadda giyar shinkafa ce, a miya da yawa, sannan jelatin, sinadarin da ke sa alewa danƙo, wanda ke cikin alewa da dama a Turai, daga alade ake samo shi. Na biyun kuwa, wato abin da baƙunta ce kawai ta sa kake gudunsa, ka ɗanɗana shi aƙalla sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, domin harshe yana ɗaukar lokaci kafin ya miƙa wuya.

Ciki ma yana da nasa sabo. Gudawa ita ce cutar da ta fi damun matafiya, kuma mafi yawanci daga ruwa ko ɗanyen ganye ko abincin da ya huce take zuwa. Inda ba ka amince da ruwa ba, ka tafasa shi na minti 1, ko minti 3 idan kana kan tsaunukan da suka haura mita 2,000, ka kuma guji ƙanƙarar da ake jefawa a lemo, ka ci 'ya'yan itacen da kai ka ɓare da hannunka. Idan abin ya same ka duk da haka, ka haɗa lita 1 ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri kana sha, in kuwa ka ga jini ko zazzaɓi, ka nufi asibiti.

Abin da ya fi wuya shi ne ladabin cin abinci, domin babu wanda zai karanta maka shi, sai ka karya shi za ka gane daga fuskokin mutane. Dabarar ita ce ka jinkirta loma ta farko ka dubi babban mutumin gidan: inda ya zauna, wanda aka fara zuba wa, da hannun da ya miƙa. A Habasha ana cin injera, wata irin waina mai faɗi mai ɗan tsami, a faranti ɗaya, kuma mai gida zai iya naɗo loma ya sa maka a baki, abin da suke kira gursha, wanda girmamawa ce babba, ƙin karɓa kuwa yana iya sosa zuciya. Idan aka gayyace ka shan gahawa a can, ka san cewa zagaye 3 ne, tashi bayan kofin farko kamar raina zaman ne. A Japan ba a kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don kuwa mamaci ake yi wa haka, amma zuƙar taliya da ƙara ba laifi ba ne. A Tailan cokali ne yake shiga baki, cokali mai yatsu aikinsa tura abinci kawai. A Sifaniya kuwa abincin dare yakan kai ƙarfe 9 ko 10, don haka wanda bai tanadi abin taɓawa da yamma ba zai sha yunwa yana zaton an manta da shi.

Akwai kuskuren da masu aikin sa kai suka fi faɗawa ciki, wato ɗaukar kansu masu kawo taimako har su manta cewa a teburin cin abinci su ake yi wa alheri. Sau da yawa gidan da ya karɓe ka yana fitar da mafi kyawun abin da yake da shi ne, don haka yatsine fuska, ko ɗaukar hoton kwano domin a yi dariya a Instagram, cin fuska ne ko da ba ka yi niyya ba. Idan ba za ka iya cinyewa ba, ka ɗebi kaɗan tun farko, ka yaba abin da ya yi maka daɗi da sunansa, ka kuma tambayi yadda ake dafa shi. A ganina babu abin da yake buɗe bakin mai girki kamar wannan tambaya, kuma daga nan ake kaiwa ga rakiyar kasuwa, inda za ka koyi sunayen kaya da ƙidaya fiye da yadda aji zai koya maka.

Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta abin da ka gani kowane dare, amma ka raba shafin biyu, gefe ɗaya abin da ya faru, ɗaya gefen abin da ka zaci yana nufi. Bayan wata guda ka zauna da abokin aiki ɗan ƙasar wanda ka saki jiki da shi, ka karanta masa gefen zaton, ka bar shi ya gyara maka.