Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana AC na Mota Sanyi Kafin a Ce "A Ƙara Gas"

Da zarar watan Maris ya kama, zafin bazara ya fara gasa mutane, sai ka ga motoci sun yi layi a rumfar masu gyaran AC, kowa da magana ɗaya a bakinsa: "Malam, a ƙara min gas." Ni ma na taɓa shiga wannan layin. Sau uku a bazara guda aka ƙara wa tsohuwar Corolla tawa gas, kowane karo sanyi ya yi mako biyu ya gudu. A na huɗu ne wani dattijon makanike ya durƙusa da tocila, ya haska gindin kwandensa, ya ce, "Yaro, zo ka ga inda kuɗinka suke zurarewa." Wani ɗan jiƙon mai ne da ƙura ta manne masa, bai fi faɗin kwabo ba.

Gas ɗin AC ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagayawa yake yi a rufaffen bututu: kwamfaresa ta matse shi ya yi zafi, ya shiga kwandensa da ke gaban lagireto ya huce ya zama ruwa, ya ratsa diraya, wato gwangwanin da ke tsotse danshi daga gas, ya kutsa ta wani bawul mai ƙaramin rami, sannan ya bazu cikin ebaporeta a bayan dashbod ya kwashe zafin iskar cikin mota, ya koma kwamfaresa. In ya ragu cikin ɗan lokaci, akwai ƙofar da yake fita. Sau da yawa ma ba shi ne ya ragu ba.

Mataki na farko: iska ce babu, ko sanyi?

Ka faka a inuwa, ka tayar da mota, ka sa fanka a ƙarshe, ka danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota maimakon jawo ta waje. Ka sa tafin hannu a bakin ramin iska na tsakiya. In iskar tana da sanyi amma da ƙyar take fitowa, je ka buɗe akwatin da ke gaban fasinja. A yawancin motoci filtar iska tana bayansa. Bayan hunturu ɗaya a garuruwanmu, za ka ciro ta kamar an yaɓa mata laka. Canza ta, ko aƙalla a hure ta. Motoci da dama nan matsalarsu ta tsaya.

In iska na fitowa da ƙarfi, sai a auna sanyinta. Ka cusa ma'aunin zafi a ramin, wani ya riƙe maka totur inji na juyi 1,500 a minti, ka jira minti biyar zuwa goma. Digiri 5 zuwa 10 lafiya lau. A ranar da zafin gari ya haura 40, in ka samu 12 kada ka tsangwami kowa.

Mataki na biyu: kwamfaresa tana kamawa?

Buɗe bonet, a danna AC kana kallo. A tsofaffin motoci za ka ji ƙas, farantin gaban fulin kwamfaresa ya fara juyawa tare da bel. In bai kama ba, duba fiyus da rile, wato ɗan makunnin da ke ba ta wuta, tukuna. In suna da kyau, mai yiwuwa makunnin da ke gadin matsi ne ya yanke wuta, domin an yi shi ne ya kashe kwamfaresa idan gas ya yi ƙasa ƙwarai ko matsi ya yi sama ƙwarai. Wasu masu gyara sukan jona waya kai tsaye su tsallake shi. Kada ka yarda a bar maka mota haka. Man kwamfaresa tare da gas yake yawo, in babu gas babu mai, kuma kwamfaresar da ta yi gudu a bushe ɓarɓashin ƙarfe take watsawa cikin bututu gaba ɗaya. Sababbin motoci kuwa da yawa ba su da wannan ƙas ɗin, kullum kwamfaresarsu tana juyawa, wani bawul ne na lantarki ke ƙara mata aiki ko ya rage. Rashin jin ƙara a irinsu ba hujja ba ce.

Kafin ka bar wurin, taɓa bututun biyu a hankali. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi har ya yi gumi, siririn kuma ya yi zafi.

Mataki na uku: fanka da kwandensa

Akwai wata alama da ba ta ƙarya: mota tana sanyi a kan titin Zariya tana gudu, amma da an shiga cunkoso sai ta fara hura ɗumi. Wannan iska ce ba ta ratsa kwandensa. Duba ko fankar gaba tana juyawa da ƙarfi idan AC na kunne. Leƙa fuskar kwandensar. Ƙura, ciyawa, leda, ƙwari, duk suna toshe ta. Gwaji mai sauƙi: watsa mata ruwan bokiti AC na aiki. In nan take iskar ciki ta yi sanyi, ka kama ɓarawon. A wanke ta da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota yana lanƙwasa siraran haƙoranta.

Mataki na huɗu: karanta agogon matsi

Nan ne aikin yake. Agogon masu gyara fuska biyu ne: shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi, ana ɗaura shi a bakin bututu mai kauri inda murfi ke da harafin L, ja na babban matsi, a siririn bututu mai harafin H. Tiyo ruwan ɗorawa na tsakiya shi ne na silindar gas ko injin zuƙa mai janye iska daga bututu. Wanda ya ɗaura shuɗi kaɗai ya ce ya gane ciwon, rabin labari ya ji.

Fara karantawa mota a kashe, bayan ta huce. Allurai biyun su tsaya kusan wuri ɗaya, kuma lambar tana bin zafin gari. Ga gas R134a, wanda ke cikin akasarin motocinmu, a digiri 30 za ka ga kusan psi 97 (psi shi ne awon matsi da ke fuskar agogon), a 35 kusan 114, a 40 kusan 133. In ka ga 40 ko 50 da tsakar rana, saura ƙiris gas ya ƙare. Amma lamba mai kyau a nan ba ta nuna cewa gas ya cika ba. Muddin akwai ɗan ruwan gas a ciki, ko rabi ne, kusan lambar nan zai nuna. Sai kuma in ta haura abin da zafin ranar ya kamata ya bayar da nisa: a yi zargin iska ta shiga, ko an gauraya wani gas daban.

Yanzu tayar da mota, AC a ƙarshe, juyi 1,500. A ranar zafi, lafiyayyar mota takan nuna kamar 30 zuwa 50 a shuɗi, 200 zuwa 280 a ja, kodayake kowace mota da nata lissafin.

Idan duka biyun sun yi ƙasa, gas ne ya ragu, sai neman yoyo. Idan duka sun yi sama, ja yana neman wuce 350, to ko dai kwandensa ba ta hucewa, ko an cika gas ya yi yawa, ko iska ta shiga. Wannan na biyun ya zama ruwan dare, saboda mutane sun ɗauka yawan gas shi ne yawan sanyi, alhali in ya wuce ƙa'ida sanyi raguwa yake yi, kwamfaresa ta riƙa nishi tana yankewa. Idan shuɗi ya hau, misali 70 ko 80, ja kuma ya kasa tashi daga 130, allurai suna neman haɗuwa, kwamfaresa ce ta gaji ko bawul ɗinta na lantarki ya maƙale. A gwada bawul ɗin kafin a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman wata kwamfaresar. Idan kuwa shuɗi ya faɗi kusa da sifili ko ƙasa da shi, akwai toshiya, galibi a bawul mai ƙaramin ramin nan ko a diraya. Bi bututu da hannu. Inda zafi ya koma sanyi farat ɗaya, ko ka ga farar ƙanƙara ta kama, nan ne.

Akwai wadda ke rikita mutane: sanyi ya yi minti ashirin ya ɗauke, ka kashe AC na ɗan lokaci ka kunna ya dawo. In a lokacin ɗaukewar shuɗi ya nutse ƙasa, danshi ne a cikin bututu yake daskarewa ya toshe bawul. In kuma iskar ce ke raguwa a hankali, ebaporeta ce ke yin ƙanƙara, sai a duba na'urar da ke jin sanyinta.

Mataki na biyar: neman yoyo

Gas in zai fita da mai yake fita, don haka ka nemi jiƙon mai da ƙura: mahaɗar bututu, inda roba ta haɗu da ƙarfe, gaban kwamfaresa, kusurwoyin kwandensa, da bakin bawul ɗin da ake ɗaura agogo, wanda ake yawan mantawa. Ruwan sabulu yana nuna kumfa. In bai nuna ba, a zuba kalar da ke haskawa da fitila ta musamman, ko a matsa naitirojin a bari a ga ko allura za ta sauka. Kada a taɓa amfani da iskar oksijin ta masu walda. Ita da mai in sun haɗu fashewa ce. Idan waje duk a bushe yake amma gas na ɓacewa, ebaporeta ce, sai an sauke dashbod. Aikin yini ne, ba kuma mai daɗin ji ba.

Mataki na shida: zuƙa, sannan a auna a zuba

Bayan gyara, in an buɗe bututu ya jima a buɗe, a canza diraya. A ɗaura injin zuƙa na aƙalla minti talatin ya janye iska da danshi, a rufe, a jira minti goma a ga allura ba ta motsa ba. Sannan a duba takardar da ke manne ƙarƙashin bonet: tana faɗin irin gas da nauyinsa da giram, ƙananan motoci yawanci tsakanin 450 da 650. A ɗora silinda kan sikeli a zuba daidai wannan. Mota na aiki, ta ɓangaren shuɗi kawai ake zubawa. Buɗe ja yana iya fasa gwangwanin gas a hannunka. Ka kare idonka, domin ruwan R134a a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa, yana ƙona fata.

Ka karanta takardar da kyau in motarka sabuwar shigowa ce. Tun 2017 sababbin motocin Turai suka bar R134a, akasarinsu suka koma R1234yf, haka da yawa daga na Amurka. Bakin bawul ɗinsu daban ne, kuma ba a gauraya su. Motoci masu haɗa batir da fetur kuma galibi kwamfaresarsu ta lantarki ce, mai na musamman take sha wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. Gas mai arha fiye da kima kuwa, a yi hattara, akwai jabu a kasuwa.

In duk an yi wannan, agogo ya nuna daidai, bututu mai kauri yana gumi, amma har yanzu iskar ciki da ɗumi-ɗumi, ko gefen direba sanyi gefen fasinja zafi, to bar gas ya huta. Akwai wata 'yar ƙofa cikin dashbod da ke raba iskar hita da ta AC. Juya maɓallin zafi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka kasa kunne: in ka ji ƙat-ƙat-ƙat, ko ba ka ji motsin komai ba, ƙaramin motan da ke juya ƙofar ne ya ci haƙoransa.