Yadda za ka gane fim mai dogon zango ya fara lalacewa tun kafin ka ƙona datarka

Duk mai kallon siris ya san wannan takaicin, zangon farko ya hana ka barci, kana cewa bari in ƙara guda ɗaya har a kira asalatu, amma kana kaiwa zango na huɗu sai ka ga kana kallo kana latsa waya. To akwai alamu, kuma in ka iya karanta su za ka san inda za ka tsaya.

Da farko ka tambayi kanka, wace tambaya fim ɗin ya ɗora tun a kashi na ɗaya, kuma an amsa ta? Ɗauki Prison Break da ya fara a 2005. Michael Scofield ya jefa kansa gidan yarin Fox River da taswirar gidan yarin a zane a jikinsa don ya fitar da yayansa Lincoln da aka yanke wa hukuncin kisa, shi ke nan labarin. Ƙarshen zangon farko sun tsallake katanga, na biyu ana farautarsu, nan ma da daɗi. Amma da yake kasuwa ta karɓa sai aka sake cusa shi wani gidan yarin a Panama a zango na uku, a 2017 kuma aka kai shi na Yaman. In ka ga ana maimaita maka abin da aka riga aka gama an canza masa gari kawai, to labari ya ƙare, kamfani ne bai ƙoshi ba.

Sai ka sa ido a kan mutuwa. A fim ɗin nan dai an nuna an kashe Sara, masoyiyar Michael, a zango na uku, na huɗu ga ta da ranta, Michael ɗin ma an nuna kabarinsa daga baya ya dawo. Wallahi daga ranar da ka gane mutuwa ba ta da tabbas a fim, gabanka ba zai ƙara faɗuwa ba ko an ɗora wa jarumi bindiga a ka, kuma wannan faɗuwar gaban ai ita ta zaunar da kai tun farko.

Abin da mutane ba sa yi, kuma shi ya fi amfani, shi ne duba daga ina labarin yake fitowa. Minti biyu ne a Google. Game of Thrones daga littattafan George R. R. Martin aka ɗauko shi, guda biyar ne suka fito, wajen zango na shida fim ya wuce littafi, masu shiryawa suka ci gaba da kansu. Ka duba yawan kashi ma, zango shida na farko goma-goma ne, na bakwai kashi 7, na takwas a 2019 kashi 6, shi ya sa tafiyar da a da take cin rabin zango ta koma ana yinta cikin kashi ɗaya, mutane kuma suna canza hali ba dalili. Haushin da aka ji har sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a intanet wai a sake zangon ƙarshe.

Fitar babban jarumi ma alama ce, kamar yadda Andrew Lincoln ya bar The Walking Dead a zango na tara aka ci gaba da ja har na sha ɗaya. Namu na YouTube kuwa ka lura da tuna baya, in rabin kashi maimaicin satin da ya wuce ne da kiɗan tausayi da dogon kallon-kallo, marubuci ya fara kame-kame.

Ni dai shawarata, kar ka je wajen masu turi ka ce a zuba maka duka zangon lokaci ɗaya. Karɓi ɗaya, in ka gama ka karɓi kashi uku na mai bi masa, in ukun nan ba su sa ka matsu da na huɗu ba ka nemi taƙaitaccen bayanin ƙarshen ka karanta, ka goge sauran a wayarka.