Kurakuran da ke kashe sarauniyoyin Bombus a firij lokacin barcin hunturu

Kukan sababbin masu kiwon Bombus kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Mutum ya zuba sarauniyoyinsa a firij, bayan wata uku ya buɗe ya tarar wasu sun bushe ƙayau, wasu funfuna ta lulluɓe su, waɗanda suka tashi kuma sun ƙi yin ƙwai. Nan take sai a ɗora wa firij laifi, a shiga gardamar ko digiri 3 ya fi digiri 5. Alhali yawancin sarauniyoyin da ke mutuwa a sanyi, tun kafin a rufe musu ƙofa aka gama kashe su.

Ga wanda bai san ƙwaron sosai ba: Bombus shi ne ƙudan zuman nan mai kauri da gashi na ƙasashen sanyi, wanda tun 1987 aka fara kiwonsa don kasuwa a Beljiyam saboda barbarar furen tumatir a rumfunan gilashi. Gidansa ba ya wuce kaka ɗaya. Tsohuwar sarauniya da ma'aikata da maza duk mutuwa suke yi, sabuwar sarauniya ce kaɗai ke tona ɗan rami a ƙasa ta kwanta wata shida zuwa tara, ba ci ba sha. Firij ɗin mai kiwo madadin wannan ramin ne. Abu uku ramin ke ba ta: sanyi marar hawa da sauka, laima, da duhu. Abincin da za ta rayu da shi kuwa a jikinta yake, ita ta shigo da abinta.

Daga nan babban kuskuren yake farawa, wato sa sarauniyar da ba ta tara kitse ba. A kwanakin farko bayan ta fito daga ƙwansonta, sarauniya tana cin garin fure sosai, da shi take gina kitsen cikinta. Ruwan sukari kuma shi ke zama ajiyar ƙarfin da take ƙonawa a hankali. Idan waɗannan kwanakin suka wuce babu wadataccen garin fure a gabanta, abin da aka rasa da wuya ya dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ka ga mutum ya bar sababbin sarauniyoyi a cikin tsohon gidan da ya riga ya fara lalacewa, ma'aikata sun ragu, garin fure ya ƙare, sannan ana jibi za a sa su a firij ya cika musu kwano da ruwan sukari yana ganin ya yi abin kirki. Cikinsu zai cika, sikeli zai nuna nauyi, amma ruwa ne ba kitse ba. Irin waɗannan su ne ake tsintar gawarsu tun a watan farko.

Wani bincike da aka buga a 1998 daga Holan ya nuna cewa sarauniyar Bombus terrestris, nau'in Turai, idan nauyinta bai kai giram 0.6 ba kafin ta kwanta, ba ta kai labari. Wannan adadin ya kamata ya kasance manne a jikin firij ɗin duk mai kiwon wannan nau'in. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutum zai kashe kuɗi kan akwatuna da fitilu amma ya ƙi sayen ɗan sikelin da ke auna har 0.01 na giram, ya ce wai da ido yake ganewa. Ba a ganewa da ido. Gashi yana ruɗi, sarauniya mai fankama tana iya zama fanko. Sa ta a 'yar kwalbar da ka riga ka cire nauyinta, auna, rubuta a jikin murfin. Ni ba na yarda da wadda ta tsaya daidai kan 0.6, sai ta ɗan haura, domin ba na sanin nawa ne ruwan sukarin da ta sha ɗazu a cikin wannan nauyin. Mai kiwon Bombus impatiens na Arewacin Amurka kada ya ɗauki wannan adadin kai tsaye, nau'insa ya fi ƙanƙanta. Ya auna nasa duka, ya ware mafi sauƙin nauyi, bayan hunturu ɗaya rubutunsa zai nuna masa inda layin yake.

Gyaran ba shi da wuya. A riƙa cire sababbin sarauniyoyi daga gida da zarar sun fito, tun gashinsu yana fari-fari, a haɗa su 'yan kaɗan a akwati mai tsabta. A ajiye musu dunƙulen garin fure da aka kwaɓa da ɗan ruwan sukari, a sabunta shi kowane kwana biyu, da ruwan sukari rabi da rabi bisa nauyi wanda ba ya yankewa ko na awa ɗaya. Garin furen ya zama ɗanye wanda aka daskarar a firiza. Busasshen da aka shanya da zafi ya rasa wani kaso na amfaninsa, kuma an san gidajen da aka ciyar da shi suna fitar da ƙananan sarauniyoyi.

Shekaru ma suna cikin lissafin. Sarauniyar kwana biyu ko uku ba ta gama tara komai ba, wadda ta yi sati uku ko huɗu a ɗaki mai ɗumi kuma ta fara ƙone abin da ta tara. Binciken da aka yi kan Bombus impatiens a Amurka ya gano cewa waɗanda suka shiga sanyi tsakanin kwana 6 zuwa 17 da fitowa su suka fi daɗewa a raye. Tsarin da nake bi: barbara wajen kwana na shida, da mazan da suka kai kwana goma ko fiye, a keji mai haske sosai. Bayan nan ta ci ta ƙoshi na kwana biyar zuwa bakwai, sannan kwana biyu ko uku a wuri mai duhu da ke wajen digiri 15, sannan firij. Wasu suna tsallake wannan matakin na tsakiya su ce ba su ga bambanci ba. Ni dai ina son ta natsu ta daina yawo kafin sanyi ya kama ta.

Game da barbara, idan ba ka gani da idonka ba, kada ka rubuta cewa an yi. Haɗuwar takan ɗauki kamar rabin awa, akwai isasshen lokacin ɗauke su tare a hankali zuwa wani akwati. Sarauniyar da ba a barbara ba tana iya ƙetare hunturu lafiya lau, ta cinye maka wata uku na jira, ta tashi ta haifi maza zalla. Kada kuma a haɗa ta da ɗan'uwanta na gida ɗaya: rabin irin wannan haɗin yana ba da gidan da rabin ƙwan da ya kamata su zama ma'aikata ke fitowa maza marasa amfani.

Kuskure na biyu da ke cin rayuka da yawa shi ne bushewa, kuma a nan ne sakaci ya fi fitowa fili. Firij na zamani, irin wanda ba ya tara ƙanƙara, aikinsa ne ya tsotse laimar iskar da ke cikinsa. Sarauniya mai barci tana numfashi, kowane numfashi yana tafiya da ɗan ruwan jikinta, ba ta kuma da halin tashi ta sha. Wanda ya sa ta a kwalin ashana ko kofin roba mai manyan huji ya tura cikin irin wannan firij, shanya ta ya yi. Alamar ba ta ɓuya: ka ɗauki gawar ka ji ba nauyi, cikin ya tsuke ya shige, harshen ya zaro waje, ƙafafu suna karyewa da an taɓa. Duk wanda ya ga haka ya daina maganar digiri, ya dubi laima.

Sai kuma wanda ya ji an ce laima ya tafi ɗaya gefen, ya jiƙa shimfiɗar sharkaf, ya toshe kwalbar ba ko huji ɗaya, har ya sa mata ɗan audugar ruwan sukari da garin fure wai ko za ta ji yunwa. Haba! Mai barcin hunturu ba ta ci. Abincin nan funfuna kawai aka ajiye wa, kuma daga kan garin furen za ta hau gashinta. Ruwan sukarin kuma idan ya maƙale mata a jiki ya toshe ƙofofin numfashin da ke gefen jikinta. Babu abinci a kwalbar sanyi, ko ɗigo.

Yadda nake shirya su shi ne kowace sarauniya da kwalbarta, irin ta roba mai mililita 50, da ƙananan huji uku ko huɗu a murfi. A cika kamar kashi ɗaya cikin uku da zaren ɓawon kwakwa ko bamikulayit (wani ma'adini marar nauyi mai riƙe ruwa) mai danshi. Gwajin danshin a tafin hannu yake: ka damƙa ka matse da ƙarfi, ya dunƙule amma ruwa bai ɗiga ta tsakanin yatsu ba. Idan ya ɗiga, ƙara busasshe. Idan ya warwatse da ka buɗe hannu, yayyafa ruwa. Sai a jera kwalaben a babban akwatin roba mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul ɗin takarda a ƙasansa, a bar ɗan wurin shigar iska. Akwatin ke kare su daga iskar firij, tawul ɗin ke riƙe laima. Shi za a riƙa sake jiƙawa, ba shimfiɗar da take kwance a kai ba. Dalilin raba su ɗai-ɗai kuwa, idan ɗaya ta mutu a cikin taro, funfunar gawarta ce ke bin sauran.

Idan raɓa ta taru har ka tarar da sarauniya kwance cikin ruwa, kada ka yi saurin zubar da ita. Wani bincike na jami'ar Guelph a Kanada da aka buga a 2024 ya nuna sarauniyoyin Bombus impatiens masu barci suna jure nutsewa cikin ruwa har kwana bakwai, kusan kashi 80 cikin 100 suka rayu. Ɗauke ta, ɗora ta kan busasshiyar takarda ta tsane, mayar da ita sabuwar kwalba. Haka ma wadda ba ta motsi: riƙe kwalbar a hannu minti ɗaya ko biyu, mai rai za ta ɗaga ƙafar tsakiya a hankali ko cikinta ya fara bugawa.

Ƙasar lambu ba shimfiɗa ba ce. A cikin ƙasa ne tsutsar Sphaerularia bombi ke shiga jikin sarauniya tana barci ta hana ta haihuwa, ban da funfuna da ragowar maganin ƙwari. Sarauniyoyin da suka fito daga gidan da ya yi ciwo ma a bar su. Ƙwayar cutar Apicystis bombi kitsen nan da ake ta fama a kansa take lalatawa, ƙwayar cutar Crithidia bombi kuma tana rage ƙarfinta na kafa gida. Mai madubin ƙara girma ya duba kashin 'yan ma'aikata kaɗan kafin ya zaɓi gidan da zai ɗebi iri.

Yanzu ga maganar digirin da kowa ya fi so. Tsakanin 2 da 5 a ma'aunin Salshiyas, yawanci 4, ya wadatar. Matsalar ita ce lambar da ke jikin maɓallin firij ba ma'auni ba ce. Sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a cikin akwatin kansa, ka bar shi sati guda kafin sarauniya ta farko ta shiga. Kada akwatin ya jingina da bangon baya inda ƙanƙara ke kamawa, kada kuma ya zauna a ƙofa. Firij ɗin da ake buɗewa sau ashirin a wuni bai dace ba, kowace buɗewa ɗumi ne da haske da girgiza. Idan wuta ta ɗauke, a bar ƙofar a rufe. 'Yan robobin ruwa da aka ajiye a ciki tun farko suna riƙe sanyin na awoyi.

Dubawa sau ɗaya a sati biyu ta isa, cikin sauri, da jan haske idan akwai, domin ba sa ganin ja sosai. A cire gawa, a jiƙa tawul, a rufe. Mai zazzage kwalba kowace safiya don ya ga ko tana nan da rai, shi ke ƙarar mata da kitsen.

Tsawon kwanciyar wata biyu zuwa huɗu ne a hannun yawancin masu kiwo, ni wata uku nake so. Wadda aka tasa bayan sati uku ko huɗu takan zauna ta yi ta jan ƙafa ba ta yi ƙwai ba, wadda aka bari ta haura wata biyar kuma mace-mace na ƙaruwa. Rubuta ranar shiga a kowace kwalba da alƙalamin da laima ba ta gogewa. Masu son tsallake barcin gaba ɗaya suna sumar da sarauniya da iskar kabon dayoksaid, minti 30 a rana, kwana biyu a jere, dabarar da aka sani tun 1985. Tana aiki, kuma ita ce ma mafita ga sarauniyar da aka barbara amma nauyinta bai kai na shiga sanyi ba.

Ranar tashi ma ana asara ba gaira ba dalili. Kada a ɗauke ta daga digiri 4 a jefa ta kai tsaye ɗakin kiwo mai digiri 28. Ta yi 'yan awoyi a wuri mai sanyi-sanyi, da ruwan sukari dab da bakinta, don a lokacin ba ta da ƙarfin zuwa nema. Idan ta sha ta fara karkaɗa fikafikai, a ba ta kwana biyu ko uku a keji mai haske ta tashi ta yi kashi ta ci garin fure. Sannan a kai ta ƙaramin akwatin kafa gida, cikin duhu, digiri 27 zuwa 29, laima wajen kashi 60 cikin 100, da dunƙulen garin fure mai girman ɗan yatsa. Idan sati biyu suka wuce ba ta fara ƙwai ba, a sa mata ƙwanso guda mai ɗan Bombus da bai fito ba a ciki, daga lafiyayyen gida, ko sababbin ma'aikata biyu ko uku da suka fito a ranar, ta samu abin kwanciya a kai.