Yadda ake tura maƙala zuwa taron nazarin addinai na AAR

Ɗalibai masu digiri na biyu da na uku sun sha tambayata wannan. Ƙungiyar AAR ta masanan addinai a Amurka tana taronta kowane Nuwamba, amma ana rufe karɓar maƙaloli tun farkon Maris.

1. Buɗe shafin ƙungiyar a intanet tun watan Janairu.
2. Karanta sanarwar neman maƙaloli ta kowane rukuni.
3. Zaɓi rukunin da ya dace da bincikenka. Akwai na addinan Afirka, na nazarin Musulunci, har da na masu nazarin raba addini da mulki.
4. Rubuta bayanin maƙalarka da Turanci: tambayar da kake bi, inda ka samo hujja, da abin da ka gano.

Hattara, a nan aka fi tuntuɓe. Taron na nazari ne, masu tantancewa ba sa karɓar wa'azi ko kare aƙida. Idan kan makarantun allo na Zariya kake rubutu, faɗi malamai nawa ka zauna da su da abin da ka ji daga bakinsu.

5. Ƙirga kalmominka, kada su wuce adadin da aka ƙayyade.
6. Cire sunanka da na jami'arka daga cikin rubutun, don rukunoni da yawa ba sa son sanin mai shi.
7. Ba malaminka ya duba.
8. Tura kwana uku kafin ranar rufewa. Na taɓa jira har daren ƙarshe, wuta ta ɗauke, na rasa shekara guda.
9. Da zarar an karɓa, fara neman bizar Amurka, layinta yana da tsawo.