Kurakuran da masu keke ke yi a hanyoyin tudun Filato, da yadda za a gyara su

Wanda ya saba tuƙa keke a Kano ko Katsina, inda titi yake a shimfiɗe kamar tabarma, yakan zo Jos da lissafin gida. A can yana cin kilomita 60 kafin rana ta yi zafi, sai ya ɗauka nan ma haka abin yake. Garin Jos kuwa yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Da zarar ka wuce Bukuru ka isa Mararabar Jama'a, ko ka nufi Riyom ko ka bi ta Heipang zuwa Barikin Ladi da Mangu da Panyam har Pankshin, hanya ba ta ƙara barin ka ka huta: ka hau, ka gangara, ka sake hawa. Na daɗe ina bin waɗannan hanyoyi da keken tsere, kuma kurakuran da nake gani wajen baƙi kusan iri ɗaya ne.

Na farko shi ne auna tafiya da kilomita kaɗai. A ƙasar tuddai abin tambaya shi ne mita nawa za ka hau gaba ɗaya. Idan an ce tudu yana da kashi 5 cikin ɗari, ana nufin duk mita 100 da ka ci, ka ɗaga sama da mita 5. Kilomita 10 na irin wannan hawa mita 500 ke nan, kuma zai iya cinye maka sa'a guda cur. Manhajojin taswira irin su Strava da Komoot suna nuna jimillar hawan kowace hanya, ka duba kafin ka fita. A makon farko ka rage tsawon da ka saba da kusan rabi, domin iskar tudu ba ta kai ta ƙasa ƙosar da huhu ba, kuma za ka ji numfashinka yana saurin ƙarewa kafin jiki ya saba.

Sai maganar giya. Samari da yawa suna jin kunyar sauka zuwa giya mai laushi, wai kada a ce sun gaza. Sai ka ga mutum ya miƙe tsaye tun gindin tudu, yana murɗa jiki, yana danna feda da ƙarfin tsiya, keken yana tangaɗi hagu da dama. Kafin ya kai rabi cinyoyi sun ɗauki wuta, gwiwa ta fara ciwo, ya sauka yana turawa. Gyaran shi ne ka canza giya tun kafin tudun ya kama ka, lokacin da ƙafa ke juyawa da sauƙi. In ka bari sai cen, wato sarƙar keken, ya ɗaure da nauyi sannan ka canza, yana iya zamewa ko ya tsinke. Ka zauna a kan sirdi, ka bar ƙafafunka su riƙa juyawa kamar sau 70 zuwa 90 a minti ɗaya. Akwai gwaji mai sauƙi: in ba za ka iya yi wa abokin tafiyarka magana ta jimla guda ba tare da haki ya katse ka ba, ka yi sauri da yawa. Kashi ɗaya cikin uku na farkon tudu ka hau shi kamar mai jin tausayin kansa, ƙarfin da ka adana, a sama za ka neme shi.

Wani lokacin laifin na keken ne. Kekunan tsere na gwanjo da ake samu a kasuwa galibi an haɗa su ne don shimfiɗaɗɗen titi, babbar giyarsu ta baya ba ta wuce haƙora 25 ba. A tudun Filato wannan azaba ce. Ka kai wa mai gyara ya duba ko za a iya sa maka mai haƙora 32, ƙaramar ta gaba kuma mai 34. Kuɗin da za ka kashe bai kai na jinyar gwiwa ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gangara, domin hawa gajiya kawai yake sa mutum, gangara kuwa tana kisa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, inda titi ke saukowa daga tudun yana lanƙwasa har wajen magangarar ruwan Assop. Wuri ne da manyan motoci suka sha rasa birki. Mai keke yakan yi ɗaya daga cikin abu biyu a irin wannan wuri, kuma dukansu kuskure ne. Wani ya saki keken gaba ɗaya yana jin daɗin iska, sai kwana ta zo masa babu shiri. Wani kuma tsoro ya sa ya damƙe birki tun daga sama har ƙasa. Wannan na biyun shi ne mutane ba su san haɗarinsa ba: robar birki da ke gogar ƙarfen taya minti bayan minti tana sa shi zafi sosai, tub ɗin ciki yana iya fashewa, ko birkin ya daina kamawa. Mai birkin faifai ma bai tsira ba, shi ma zafi yana rage masa ƙarfi. Ni kaina na taɓa tsayawa a tsakiyar wata doguwar gangara na taɓa ƙarfen tayar gaba, sai da na janye hannu da sauri, kuma tun ranar ban sake riƙe birki haka ba.

Abin yi shi ne ka matse birki sosai na ɗan lokaci, gudu ya ragu, ka saki ya sha iska, ka sake matsewa. Ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana, domin matse birki a tsakiyarta ne ke sa taya ta zame. Ka yi amfani da birki biyu tare. Da yawa suna tsoron na gaba, alhali shi ne ya fi tsayar da keke. Ka ja jikinka baya a kan sirdi kawai, kada ka fizge birkin farat ɗaya. A cikin kwana fedar da ke waje ta kasance a ƙasa, nauyinka a kanta, idonka kuma a inda kake son zuwa. Kada ka yanke kwana ka shiga hannun masu tahowa, ko da kana ganin babu kowa. Kada kuma ka liƙe wa bayan tirela don ta kare maka iska, ba za ka ga ramin da ta tsallake ba sai ka faɗa ciki. In gangarar ta yi tsawo, tsayawa a gefe minti biyar ba abin kunya ba ne. Wanda bai taɓa doguwar gangara ba, shawarata kada ya fara da Hawan Kibo, ya fara da ƙananan tuddan hanyar Vom. Hular kwano kuwa ba a barin ta a gida.

Sanyi yana yaudarar mutane ta fuska biyu. A watannin Disamba da Janairu, safiyar Jos tana sa haƙora kaɗawa, sai mutum ya jibga rigar sanyi mai kauri, ya jiƙe da gumi a hawa, iska ta daskarar da shi a gangara, yatsu su ƙage har ya kasa matse birki. Riga mara nauyi mai tare iska wadda za ka naɗe ka sa a aljihu, da safar hannu, sun fi. Na biyu, sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Busasshiyar iskar hunturu tana tsotse ruwan jiki ba ka sani ba. Ka riƙa kurɓa kowane minti 15 ko 20, gora guda ta rabin lita a sa'a, a ɗaya daga cikin gorunan ka zuba ɗan gishiri da sukari. Abinci ma kada ka jira yunwa. Dabino da ayaba da dafaffen dankali suna shiga aljihu, ka fara ci tun ƙarshen sa'ar farko. In ka bari jiri ya fara ɗibar ka, ko ka ci sai an jima kafin ƙarfi ya dawo.

Da damina, wato daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwa yakan sauko ba sallama, ya kwaso yashi da tsakuwa ya tara su daidai gindin gangara da cikin kwanoni. Birki a jiƙe yana jinkirin kamawa, don haka ka fara matsewa da wuri. Kada ka cika wa taya iska har ta zama kamar dutse, tana tsalle a kan titi mai kwararrabe maimakon ta kama ƙasa. Taya mai faɗin milimita 28 ko 32 ta fi siririya dacewa da waɗannan hanyoyi. Masu faci suna nan a garuruwa, amma bututun iskar keken tsere siriri ne, famfonsu ba lalle ya shige shi ba, girman tub ɗinka ma da wuya ka same shi a ƙauye. Ka ɗauki tub biyu, da famfon hannu, da kayan faci.

Akwai kuma abin da taswira ba ta nunawa. Wasu yankunan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Mangu sun sha fama da tashin hankali, kuma hali yana canzawa daga mako zuwa mako. Ka tambayi mutanen gari da direbobin tasha kafin ka zaɓi hanya, ka gaya wa na gida inda ka nufa da lokacin dawowarka, kada ka tafi kai kaɗai. Ka lissafa tafiyarka yadda la'asar za ta same ka a cikin gari. In ka shiga ƙauye ka rage gudu ka yi sallama, yara sukan fito da gudu su kalli keken, awaki ma ba sa duba hanya. In ka tarar da garken shanu yana tsallakawa, ka sauka ka gaida makiyayin, ka jira har ta ƙarshe ta wuce kafin ka hau.