Yadda Ake Zaɓen Tsarin Noman Attarugu Ba Tare da Ƙasa Ba

Yawancin waɗanda na ga sun yi asara a noman attarugu na haidrofonik, wato noman da ake yi ba tare da ƙasa ba ana ciyar da shuka da ruwan da aka narkar da taki a ciki, tun ranar zaɓen tsari suka kuskure. Sukan ga bidiyon fararen bututu a jere, latas yana fitowa kore shar daga kowane rami, sai su sayo irin wannan bututun su dasa attarugu. Latas kuwa wata ɗaya da 'yan kwanaki yake yi a cire shi, kuma saiwarsa ba ta da yawa. Attarugu yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu bayan dashe kafin ya nuna, ya ci gaba da ba da 'ya'ya tsawon watanni, ya yi rassa masu nauyi da saiwa mai kauri, don haka tsarin da zai ɗauke shi daban ne.

Kafin a sayi komai, a fara duba abu biyu: awa nawa ake yi babu wutar lantarki a wurin, kuma yaya zafin ruwa yake da tsakar rana. Saiwa tana numfashi, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Attarugu ya fi jin daɗi idan ruwan yana tsakanin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salsiyos, idan kuma ya haura 28 ya daɗe a haka, cutar ruɓewar saiwa ba ta da nisa. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maraɗi, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, wannan lissafin shi ne ke yanke hukunci.

Tsarin bututu, wanda ake kira NFT, an ƙirƙiro shi ne a Ingila, ƙasa mai sanyi, kuma ya dogara da siririn ruwa da famfo ke turawa ba dare ba rana. Idan aka ɗauke wuta da azahar, saiwar tana kwance a cikin busasshen bututu mai zafi, kuma cikin awa ɗaya ko biyu ganye ya yi laushi ya sunkuya. Ko da wutar ta dawo, furannin da suka sha wannan wahala zubewa za su yi. Ga kuma matsala ta biyu da mai farawa ba ya hangowa: bayan wata biyu saiwar attarugu takan cika bututun ta toshe shi, ruwa ya riƙa tumbatsa ta ramukan farko, shuke-shuken da ke ƙarshen layi su zauna da ƙishirwa. A ganina, kada a sa attarugu a wannan tsarin, ko da akwai sola.

Tsarin da ake nutsar da saiwa a cikin bokitin ruwa, ana hura mata iska da ƙaramin famfo irin na tankin kifi, yana sa shuka girma da sauri, amma shi ma rayuwarsa tana hannun wuta, domin da famfon ya tsaya a ruwa mai ɗumi saiwar za ta fara shaƙewa. Akwai ɗan'uwansa da ba ya buƙatar wuta ko kaɗan, tsarin Kratky, wanda ya samo suna daga wani mai bincike na Jami'ar Hawai a Amurka. A nan ana barin ruwa ya riƙa raguwa, saiwar sama ta zauna a sararin iska mai danshi tana numfashi, ta ƙasa kuma tana sha. Ya dace da wanda zai gwada shuka biyu ko uku a tsakar gida. Inda masu farawa suke kashe shukar shi ne wurin ƙarin ruwa: suna ganin bokiti ya yi ƙasa sai su cika shi fal, su nutsar da saiwar numfashin, washegari a tarar da shuka ta yi yaushi alhali tana cikin ruwa tsundum. Ƙarin ruwa kada ya wuce rabin bokiti.

Abin da nake ba da shawara ga duk mai son girbi na gaske shi ne tsarin bokiti mai ɗigo, wanda ake kira bokitin Holan. Ana samun bokiti mai lita 20, na fenti ma ya isa idan an wanke shi sosai, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. A huda rami a gefensa kamar santimita biyar daga gindi, a sa ƙaramin bututu da zai fitar da rarar ruwa zuwa babban bututun da ke komawa tanki, inda famfo ke ɗauko ruwan taki ya riƙa ɗiga shi a kowane bokiti. A zuba tsakuwa wankakkiya har ta rufe bakin ramin, sannan a cika sauran da abin da zai riƙe saiwa. Na fi son garin ɓawon kwakwa haɗe da ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa, kashi biyu na farko da kashi ɗaya na biyun. Ƙaiƙayin kusan kyauta ne a injinan casar shinkafa, amma ɓawon kwakwa sai an jiƙa shi an ɗauraye sau da dama, saboda yakan zo da gishiri. Shuka ɗaya ake sawa a kowane bokiti, a bar tazarar rabin mita aƙalla.

Amfanin wannan tsarin shi ne haƙuri. Idan ka tura yatsa cikin ɓawon kwakwar da la'asar bayan famfo ya yini bai yi aiki ba, za ka ji sanyi da danshi a ƙasa, kuma ɗan ruwan da ya kwanta ƙarƙashin ramin yana nan a matsayin ajiya. Famfon ba ya buƙatar aiki sai na 'yan mintoci sau uku zuwa biyar a rana, abin da ƙaramin faifan sola zai iya ɗauka, kuma ranar da komai ya tsaya ana iya ba da ruwan da kofi. A binne tankin a ƙasa ko a sa shi a inuwa a rufe, a kuma shafa wa bokitan farin fenti daga waje, domin baƙin bokiti a rana dafa saiwa yake yi.

Kowane tsari aka zaɓa, sai an sayi ma'auni biyu, na pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da na ƙarfin taki da ake kira EC, kuma wannan ba wurin tsimi ba ne. A riƙe pH tsakanin 5.5 da 6.5. Ƙarfin taki ya fara daga wajen 1.2 ga ƙananan shuka, ya hau zuwa 2 ko 2.5 idan fure ya fito, a ɗan rage shi a lokacin tsananin zafi tunda shuka tana shan ruwa fiye da abinci. A auna ruwan rijiyar burtsatse tun kafin a zuba taki, domin wani yana da gishiri da yawa. Takin NPK na gona bai dace ba, don ba ya narkewa duka kuma babu ƙananan sinadaran da shuka ke buƙata a cikinsa. Takin kalsiyam a narka shi a mazubi daban, kada a haɗa shi da sauran sai a cikin tanki cike da ruwa, kuma kada a bar shi ya yi ƙaranci, domin rashinsa ne ke sa gindin 'ya'yan attarugu ya yi baƙi ya ruɓe.

Sauran aikin sananne ne. A ɗaure shuka da igiya ko a kafa mata sanda tun kafin ta yi nauyi, a shimfiɗa ragar inuwa a watannin bazara don rage zubewar fure, a girgiza rassa da safe idan a rufaffen wuri ake noman, a riƙa duba bayan ganye saboda farin ƙuda, sannan a zubar da ruwan tanki a haɗa sabo duk mako biyu.