Yadda ake kawo sabbin finafinan matasan daraktocin Czech bikin fim a wata ƙasa

Fara neman finafinan tun watanni shida kafin ranar bikinka. Da yawa daga cikin matasan daraktocin Jamhuriyar Czech daga FAMU suke fitowa, makarantar koyon fim da ke Prague wadda aka kafa a 1946, don haka ka bi finafinan kammala karatu na ɗalibanta. Sai ka bi bukukuwan fim na ƙasar, wato na Karlovy Vary da ake yi wajen farkon watan Yuli, da na Jihlava na finafinan gaskiya a Oktoba. Cibiyar Czech Film Center tana fitar da jerin sabbin finafinai da adireshin masu su. Idan akwai Czech Centre, wato cibiyar al'adun Czech, a ƙasarka, ka tuntuɓe su da wuri; reshen Landan ne yake shirya bikin Made in Prague duk shekara, kuma sun san kan aikin.

Kafin ka ƙwallafa rai a kan fim, tambayi furodusa ko an taɓa nuna shi a wajen Czech. Manyan bukukuwa irin su Cannes da Berlin da Venice suna son nunin farko ya zama nasu. Matashin da yake jiran amsarsu ba zai ba ka fim ɗinsa ba, kuma kada ka matsa masa, don wannan dama sau ɗaya take zuwa wa kowane fim. Fim ɗin da ya riga ya fita shi ne naka. Izini kuwa sau da yawa ba a hannun darakta yake ba, yana wajen furodusa ko dillalin da ke sayar da fim ɗin a ƙasashen waje. A rubuta yarjejeniya: sau nawa za a nuna, a wane zaure, nawa ne kuɗin kowane nuni.

Matsala ta fi yawa a ɗakin majigi. Fim yana zuwa ne a matsayin DCP, wato kwafin dijital da na'urar sinima take nunawa, kuma dogon fim kan haura gigabait 100, saboda haka ya iso aƙalla mako biyu kafin nuni. Idan a kulle yake, sai da mabuɗin KDM, ƙaramin fayil mai buɗe fim ɗin, wanda ake yi wa na'urar zaure guda ɗaya tak, na wasu kwanaki ƙayyadaddu. Ka sauya zaure, mabuɗi ya tashi aiki. Aika wa masu fim ɗin lambar na'urar daidai, ka nemi mabuɗin ya buɗe kwana biyu kafin nuni, ya rufe kwana ɗaya bayansa, saboda bambancin agogo tsakanin Prague da garinka kan sa fim ya ƙi buɗewa alhali 'yan kallo sun zauna. Tambayi saurin hoton ma. Finafinan Turai da aka yi da haɗin gwiwar gidan talabijin sukan zo da hoto 25 a daƙiƙa, wasu tsofaffin na'urori kuwa 24 kaɗai suka sani. A daidaita faɗin allo, ninki 1.85 ne na tsayinsa ko 2.39, in ba haka ba a yanke kan jarumi ko a haɗiye layin fassara.

Fassarar ƙasan allo ita ce ran nunin, tunda kaɗan ne za su ji harshen Czech. Layi biyu ya isa, kowanne kada ya wuce haruffa 42. Kalli fim ɗin gaba ɗaya a zauren da za a nuna shi, ba a kwamfuta ba, ka lura da sunaye masu haruffa irin su ř da č da ž, waɗanda kan koma ƙananan akwatuna idan rubutun da aka saka bai ɗauke su ba. A fosta ma a rubuta sunan darakta da alamominsa cif.

Idan za ka gayyaci daraktan, ware minti 20 na tambayoyi bayan nuni, ka tanadi tafinta ko da ya ce yana jin Turanci. Riƙe kwafin ko-ta-kwana marar kulle a ɗakin majigi, da izinin furodusa a rubuce.